Waya huɗu, inji ɗaya: zaɓin wani tela a Garwa

Ni tela ne, ba masanin waya ba, gara in faɗa tun yanzu. Shagona yana unguwar Yalwa a nan Garwa: keke uku, injin surfani ɗaya, da yara biyu masu koyon aiki. Amma rabin masu ba ni ɗinki ban san fuskarsu ba sai a hoto. Daga Marwa, daga Ngawundare, daga Kusiri, har da 'yan'uwanmu mazauna Yawunde, su turo awo ta WhatsApp, in ɗauki hoton yadi kala uku ko huɗu in tura, su zaɓa, su sako kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo, in ɗinka in kai tasha a sa a mota. Ranar da waya ta ƙi, daidai take da ranar da almakashi ya ɓace.

Tsohuwar wayata na saye ta a Janairun 2022, makon da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya, lokacin da garin nan ya cika maƙil da baƙi har masu shayi suka ji a jikinsu. Ta yi mini shekara uku, ban raina mata ba. Sai dai ta rufe da abu biyu. Wata Hajiya a Marwa za ta yi wa ɗanta aure, tana son babbar riga ta ango. Na ɗauki hoton shadda ruwan makuba da yamma a cikin shago, wayar ta ƙara mata ja har ta koma kamar jan yaƙuwa. Hajiya ta gani ta ce ita take so. Na yanka mita goma, na zauna kwana huɗu a kan aska takwas, na aika. Washegari ta kira: "Malam tela, wannan ai ba ita na zaɓa ba." Kuma gaskiyarta. Na sake sayen wata shaddar daga aljihuna, waccan rigar kuwa ni na sa ta na je idi da ita, wuyanta ya yi mini yawa. Abu na biyu, a zafin watan Maris batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗaga kamar burodin da ya ji yis. Daga nan na san zama ya ƙare.

Bayan ƙaramar sallar 2025 na ware jaka 130. Ga wanda bai saba da lissafinmu ba, jaka ɗaya sefa dubu ke nan. Na yi kwana uku ina zagaya layin masu waya a babbar kasuwa, kowane butik na shiga sai a tare ni da Fulatanci, a juya Faransanci, in an ji harshena a dawo Hausa, amma waƙar ɗaya ce: "Alhaji, wannan RAM 16 ce, kamara 108." Daga ƙarshe waya huɗu suka rage a idona, duka tsakanin jaka 105 da 160 a makon: Samsung Galaxy A16, Redmi Note 14, Infinix Note 40, da Tecno Camon 30. Na rubuta su a bayan littafin awo, na rasa ta ɗauka.

Ɗan ƙanwata ne ya warware mini. Yana karatu a jami'ar Ngawundare, ya zo hutu, kuma shi da kansa Note 40 ke hannunsa. Ya karɓi littafin ya duba, ya yi dariya.

"Kawu, waɗannan da kake ta hana kanka barci a kansu ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Na ce kamar yaya, ga Samsung ta Koriya, ga sauran na Sin?

"Riga ce ta bambanta. Injin da ke ciki duka Helio G99 ne."

Ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya. A16 mai 4G tana ɗauke da Helio G99 tsurarsa. A kwalin Redmi an rubuta G99 Ultra. Infinix da Tecno sun ce nasu G99 Ultimate ne. Kamfanin MediaTek na Taiwan ne ya fitar da shi a 2022, ƙwaƙwalwa takwas ce a ciki, biyu manya masu ɗaukar aiki mai nauyi, shida ƙanana masu lallaɓa batir. Ultra da Ultimate ɗin nan ado ne na bakin hannu. Ya ce har G100 da ake sa wa wasu sababbi, irin su Spark 30 Pro da Hot 50 Pro+, ɗan gidan ne, canjin bai taka kara ya karya ba. Ni kuwa abin bai ba ni mamaki sosai ba, don na san baƙaƙen kekunan ɗinkin nan da ake liƙa wa suna iri-iri, ka kifa kai ka leƙa ƙasa ka tarar ƙarfen ciki ɗaya ne. Su Tecno da Infinix ma gida ɗaya suka fito, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, wanda shi ne mai itel.

Ban yarda da baki kawai ba. Maƙwabcina mai sayar da zare da maɓalli yana da A16, ga Note 40 ta yaron, mai butik ɗin da na fi natsuwa da shi kuma ya yarda ya zo shagona da Redmi da Camon na gwaji, da yake ni ke masa ɗinki. Muka jera su huɗu a kan teburin yanka. A buɗe WhatsApp, a buɗe Facebook, a shiga TikTok, a koma hotuna. Wallahi in an rufe mini sunayen ba zan ce ga wadda ta riga wata ba. Abin da ido ke iya kamawa kaɗai shi ne santsin ja da yatsa: fuskar A16 tana sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, sauran ukun sau 120. In ka jera su za ka lura. In ita kaɗai ce a hannunka, ba za ka san an rage maka komai ba. Yaron, da yake ɗan wasan waya ne, ya ce manyan wasanni sai an sassauta musu kyan hoto a kan kowacce daga cikinsu, duk kanwar ja ce.

Don haka wanda ya ce maka a ƙara jaka 30 a sami wadda ta fi gudu a cikin waɗannan huɗun, kuɗinka yake so. Inda gudu yake bambanta da gaske shi ne tsakaninsu da na ƙasa da su, masu Helio G85 ko G81 ko Unisoc T606. Waɗancan an ƙera injinsu da tsohon awo na nanomita 12, shi kuwa G99 na nanomita 6 ne, ya fi ƙarancin cin batir da ƙarancin zafi. Yawancin masu arahar kuma ma'ajiyarsu eMMC ce, mai nawa, ba UFS mai sauri ba. Ranar farko a butik ba za ka ga bambanci ba, sai bayan wata shida, hotunan biki da saƙonnin murya sun taru, ka danna ka jira kamar mai jiran kwale-kwale a bakin Binuwai. In kuɗinka ya kusa kaiwa G99, ka daure ka ƙarasa. Nan ne araha ba ta ado.

Batun RAM 16 kuwa, bari in faɗe shi da harshen shago. RAM ita ce teburin yanka, ma'ajiya ita ce kantar da nake jibge yadi. In an rubuta 8+8 a kwali, tebur takwas ne na gaske, ɗaya takwas ɗin aro ne aka yi daga kanta, kamar in tebur ya cika mini in shimfiɗa tabarma a ƙasa in ajiye sauran aiki. Yana ragewa, amma sai na sunkuya. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa dabarar, Samsung na ce mata RAM Plus, Tecno na ce mata Memory Fusion. Ba zamba ba ce, amma lambar farko ita ce taka. A16 tana zuwa da 4 ko 6 ko 8, kuma mai 4 ɗin ce ake ɗaga maka in ka ce kuɗinka kaɗan ne. Ni dai ba zan ba mai sana'a shawarar ƙasa da 6 ba, in da hali 8 da ma'ajiya 256. A16 da Redmi suna karɓar katin mamori in wuri ya ƙure.

Duk huɗun 4G ne. A16 da Note 14 suna da 'yan'uwa masu 5G, da wani injin daban da wani farashin daban, ka duba kwali da kyau kada a haɗa maka su. Mu nan 4G muke kamawa, in na tafi kasuwar Pitowa ran Lahadi ma wani lokacin rezo sai ya sauko ƙasa da haka, ban ga dalilin biyan kuɗin abin da ba zan mora ba.

To tun da gudu ɗaya ne, sai na koma kan abin da ya ƙona ni. Na ɗauko ƙyallen shaddar nan ruwan makuba, ragowar rigar ango, da surfanin zare ruwan zinariya a gefe. Da azahar muka fita bakin ƙofa, inda inuwar rumfa ta yanke rana. A nan kowacce ta yi abin kirki. A idona A16 ce ta fi barin makuba a makubarta, ba ƙari ba ragi. Redmi da Infinix masu 108 sun fito da saƙar shaddar tsaf, har furen da ke cikin yadin ana gani. Sai dai 108 ɗin nan, wato ɗigo miliyan 108 a hoto, akwai magana a kanta. In ka ɗauka yadda aka saba, wayar tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton ya fito a 12. Masu 50 kuma suna haɗa huɗu, ya fito a 12 da rabi. Ka ga an koma gida ɗaya. Daga nan WhatsApp ya karɓa ya matse shi, sai fa in ka danna alamar HD da suka ƙaro a 2023. Hajiyar da ke Marwa ba za ta taɓa ganin 108 ba ko da ni na saya.

Gwajin gaske sai da aka yi magariba. Shagona ƙwai ɗaya ne a sama, kuma yawancin hotunana a wannan lokacin nake ɗauka, bayan an gama guga an rataye. Na riƙe kowace waya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗage da hannun riga, yadda nake yi kullum. A nan Camon 30 ta raba gardama. Kamararta 50 ce, amma tana da abin da ake kira OIS, wato gilashin kamarar da kansa yana ɗan motsi ya rama rawar hannunka. In haske ya yi ƙaranci waya takan daɗe da buɗe ido kafin ta kama hoto, ɗan motsin da ba ka ma san ka yi ba sai ya shafe zaren surfani ya zama kamar an goga man shanu. Da Camon na ƙara girman hoton har na ƙirga ɗinkin da ke bakin aljihu. Sauran ukun ba a sa musu OIS ba, su sai ka dafa gwiwar hannu a kan keke ko ka jingina wayar da wani abu, in ka yi haka su ma suna fitar da hoto mai kyau. Amma ni na san kaina: daren jajibiri, mutum biyar na tsaye a kaina, ba zan tsaya neman majingina ba.

Kamarar gabanta ma 50 ce, kuma an daɗe da sanin gidan Tecno da gyara kamara don ta dace da baƙar fata. Wannan yarana ya dama, su da ke ɗaukar kansu da kowace rigar da muka gama kafin mai ita ya zo.

Sai wuta. Wanda ba ya zaune a arewacin Kamaru ba zai gane me ya sa nake auna waya da caja ba. Wutarmu mafi yawa daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai ta zama ta rabo, unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa sun rage zafin abin, amma har yau in an kawo ba ka da tabbacin yaushe za a ɗauke. Saboda haka tambayata ba girman batir kaɗai ba ce, nawa za ta sha kafin a ɗauke? Batirin A16 da Note 40 da Camon 30 duka 5000 ne, na Redmi 5500, ita ce babba. Wajen sha kuma A16 tana karɓar wat 25, Redmi 33, Infinix 45, Camon 70. Tawa, in na sa ta tana kusa da mutuwa na tafi azahar na tsaya na ci abinci, kafin in dawo ta cika ko saura ƙiris. Maƙwabcina mai zare yakan sa tasa tun hantsi.

Kuma shi da ya sayi A16, waya da igiya ya tarar a kwali, kan caja sai da ya saya daban. Haka Samsung ke sayar da ita, ba ɓoyewa suke ba, amma ka sa kuɗin cikin lissafi, kuma ka sayi na kirki, kada ka ɗauki na jaka ɗaya a bakin titi ka haɗa da wayar jaka ɗari. Sauran ukun da na gani an buɗe a gabana kowacce da cajarta. A16 ba ta da ramin abin sauraro na kunne, Redmi tana da shi, ga lasifika biyu. Wanda ke ɗinki yana sauraren tafsiri ko labaran safe da tsohon abin kunnensa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Infinix kuma tana da cajin da ba igiya, na maganaɗisu, wat 20. Abin burgewa ne in ka gani, yaron ya nuna mini sau uku, amma ban ga inda zai shiga rayuwata ba.

Abin da na fi yaba wa Infinix wani ne daban. Tana da tsarin da in kana amfani da ita tana jone, wutar za ta wuce kai tsaye zuwa injin ba ta bi ta batir ba. Samsung kuma tana da wurin da za ka ce caji ya tsaya a kashi 80. Duka biyun maganin abu ɗaya ne: zafi da cikar batir kullum su ke tsufar da shi. Masu ƙera waya da kansu suna cewa a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Afrilu 40 muke wucewa, ƙarƙashin rufin kwano ma ba a magana. Ba wayar da aka yi domin Garwa. Caji mai sauri kuma yana ƙara ɗumi, wannan shi ne kuɗin da nake biya a kan wat 70 ɗina. Abin da nake yi, in zan sa caji sai in cire mata riga in kwantar da ita a kan siminti can ƙuryar da rana ba ta kaiwa, nesa da dutsen guga. Tsohuwar a kan kanta nake barinta cikin yadi, tana caji tana gumi. Rabin laifin kumburin nan nawa ne.

Kafin in biya sai na bi ta wurin mai gyaran da na saba da shi, wani mai teburi da fitila da gilashin ƙara girma a bakin kasuwa. Na karanta masa sunayen huɗu. Bai ɗago kai daga wayar da yake buɗewa ba ya ce: "Maigida, kowacce ka saya, ka sa mata gilashin kariya tun a butik. Duka AMOLED ne. In ta fashe, kuɗin fuskar asali zai sa ka zauna." AMOLED ɗin nan nau'in fuskar waya ce mai tsada. Ya ce mutane da yawa in sun ji farashin sai su ce a sa musu ta kwaikwayo mai araha, kuma a nan ake kuka. Redmi da Infinix da Camon a cikin gilashin suke karanta zanen yatsa, in aka sa fuskar da ba AMOLED ba, wannan ya tafi ke nan, sai dai ka koma lamba. Ita A16 a gefe take karantawa, a jikin maɓallin kunnawa, fuska ta fashe ko an canza, yatsa na nan yana aiki. Wannan ba mai butik ɗin da zai gaya maka. Na tambaye shi kayan wacce ya fi samu a kusa. Ya nuna akwatin da ke ƙarƙashin teburinsa ya ce na gidan Tecno da na Samsung ba sa yanke masa, saura wani lokaci sai ya aika Duwala ko ya jira mai zuwa daga Yola. Su Tecno da Infinix kuma suna da nasu wurin gyaran na kamfani, Carlcare, ka tambayi mai butik reshen da ya fi kusa da kai kafin ka bar wurin.

Akwai inda Samsung ta tsere wa tawa, kuma ba zan ɓoye ba. Ta yi wa A16 alƙawarin sabunta manhaja na shekara shida. Alƙawarin Tecno da Infinix bai kai nan ba. Da ina ganin wannan maganar 'yan boko ce, sai da na tuna a Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba, mutane suka wayi gari da waya lafiyayya amma ba ta da amfani. Ga kuɗinmu yanzu a cikin waya suke kwana. Wanda ke riƙe waya har sai ta mutu a hannunsa, kamar yayana da har yau yake da agogon aurensa, A16 mai RAM 6 ko 8 ita ce tasa, ita na sa aka saya masa daga baya. Tambayar da na yi wa kaina ita ce ko akwai wayar da za ta ga bazara shida a shagona. Tsohuwar uku ta gani.

In da ba tela ba ne ni, Redmi Note 14 zan ɗauka, kuma da canji zai dawo aljihuna. Batir mafi girma, caja a kwali, ramin abin kunne, fuska mai haske da na iya karanta saƙo a tsakar rana ba tare da na kare da tafin hannu ba. Kamfanin ya rubuta haskenta yana kai nit 1800, ko da yake irin wannan lambar ƙololuwa ce da ba a zama a kanta. Ɗan acaba, mai shagon tura kuɗi, mai awon hatsi a fili, ban ga abin da za su nema su rasa a cikinta ba. Ita da A16 da Note 40 duka an rubuta musu IP54, wato suna jure ƙura da yayyafi. Ba a ce ka tsoma su a randa ba, amma wanda ya san hazon hunturu a garin nan ya san darajar rabin farkon.

Ni dai Camon na koma wa. Mai butik ya ce 160. Na ce masa Camon 40 ta fito tun watan Maris, wannan ta zama tsohuwar amarya, kuma na san ya san haka. Muka yi ta ja, ya rantse, na miƙe, ya kamo hannun rigata, muka tsaya a 145 da gilashin kariya da riga. Na haura abin da na ware da jaka 15, kuɗin ɗinkin kaftani uku. Wannan dabarar ta sayen ta bara bayan sabuwa ta sauka ita ce ragin da na fi samu a duk cinikin, tun da injin bai canza wani abin a-zo-a-gani ba.

Ko da yake mutumina ne, ban bar kwalin ya buɗu a bayan kanta ba. Kwana biyu kafin nan, a wani butik da ba zan nuna ba, an miƙo mini kwali mai leda sabuwa fil da farashin da ya yi daɗi fiye da kima. Da na matsa aka buɗe, na danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta fito a fuska daban, wadda ke jikin kwali daban. Yaron shagon ya ce kuskuren kamfani ne. Na ce to Allah ya kawo kasuwa. Don haka a nan ma na danna, lambobi suka dace, na shiga saiti na ga RAM 8 ta gaske da ma'ajiya 256, na sa layina biyu na kira gida da kowanne, na jona cajar na ga ta nuna caji mai sauri, sannan na ce a rubuta mini takarda da lambar IMEI da kwanan wata da hatimi. Wayoyi suna shigo mana ta hanya biyu, daga Duwala ko ta iyakar Najeriya, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 na can sukan fi sauƙi. Ba laifi ba ne, amma ka tambaya tun kuɗi na hannunka: in ta samu matsala cikin garanti, ina za a kai ta, kuma wa zai kai?

Daren farko na ɓata kusan awa ɗaya ina kashe sanarwar manhajojin da ban gayyata ba da goge waɗanda ke goguwa. Wayoyin wannan aji da yawa haka suke zuwa, yana cikin abin da ke sauko da farashinsu. Yaron ya nuna mini inda ake rufe bakin kowacce, tun daga nan shiru.

Ta shiga layyar 2025 da ni, lokacin da muke kwana a shago. Daga asuba zuwa bayan isha'i ina hoto, ina saƙon murya, ina duba shigowar kuɗi, takan kai ni dare da ɗan saura. Ranakun da wuta ta yi wuya, rabin awa a wurin mai injin niƙa da ke da janareta ya ishe ni in ƙarasa yini. Sau ɗaya ta zame daga kan keke ta faɗi a siminti, gilashin kariyar ya tsage, fuskar ba ta ji komai ba, na sake wani a jaka ɗaya da rabi.

Game da kala kuwa, na gano ba kamara kaɗai ba ce. Ko hotona ya fita daidai, fuskar wayar mai karɓa tana iya ƙara masa gishiri. Yanzu duk yadin da zan ɗauka sai na ɗora farar takarda daga littafin awo a gefensa, in ce wa mai kaya ya dubi takardar: in ya ga ta yi ja ko shuɗi a wayarsa, to yadin ma haka ya karkata. Ana saura mako uku sallah sai ga saƙon Hajiyar Marwa, bayan na ɗauka na rasa ta har abada. Ƙanen angon ne zai yi aure. Na jera mata shadda huɗu da magariba, da takardar a gefe, na danna HD na tura. Ta yi shiru har na gama gugar wando biyu, sannan muryarta ta shigo: "Malam tela, ta biyun nan daga dama, ba ita ce makubar da muka yi rigima a kanta ba?" Na ce ita ce, Hajiya. Ta ce ashe kyakkyawa ce, a yanka mita goma.